Ƙwayar Duncan Kane: Maganin Ciwon Damuwa a Wasan "Veronica Mars"

Duk mai shirya wasan kwaikwayo na binciken kisan kai yana bukatar abin da zai rufe gaskiya har zuwa ƙarshen labari. Wani lokaci ƙofa ce a kulle, wani lokaci kuwa mashaidi ne da aka toshe masa baki da kuɗi. A cikin wasan telebijin na Amurka mai suna "Veronica Mars", ɗaya daga cikin abubuwan da aka ba wannan aiki ita ce ƙwayar magani wadda likita ya rubuta wa wani saurayi saboda ciwon damuwa. Wasan ya faɗi waɗansu abubuwa daidai a kan wannan magani, amma kuma ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Da yake domin matasa aka shirya shi, a cikinsu kuwa akwai masu shan irin wannan magani kowace safiya, ya kamata a bambanta aya da tsakuwa.

Labarin a taƙaice

Rob Thomas ne ya ƙago wasan, aka fara nuna shi a tashar UPN ran 22 ga Satumba 2004. Zangon farko yana da kashi 22. Labarin yana faruwa a wani garin ƙage mai suna Neptune, a jihar Kalifoniya, inda ƴaƴan attajirai da ƴaƴan barorinsu suke karatu a makarantar sakandare ɗaya. An kashe wata yarinya, Lilly Kane, ƴar wani hamshaƙin mai kamfanin kwamfuta, Jake Kane. Shugaban ƴan sandan wurin, Keith Mars, ya zargi uban yarinyar, mutanen gari kuwa suka tsige shi daga aiki. Daga baya wani mutum, Abel Koontz, ya amsa laifin, aka rufe magana. Veronica, ƴar Keith, wadda Kristen Bell ta fito a matsayinta, aminiyar marigayiyar ce, ba ta kuwa yarda an kama mai laifin gaske ba. Sai ta shiga bincike da kanta.

Duncan Kane ɗan'uwan Lilly ne, kuma tsohon saurayin Veronica. Tun farkon wasa ana ganinsa shiru-shiru, ba fara'a ba fushi, kamar wanda jikinsa yake wuri ɗaya hankalinsa yana wani. A kashi na 3, mai suna "Meet John Smith", aka nuna dalili. Uwarsa Celeste tana miƙa masa ƙwayar maganin ciwon damuwa, shi kuwa ya yar da ita a ɓoye. Cikin ƴan kwanaki sai ya zama wani mutum dabam. Yana raha, yana gaya wa iyayensa magana mai ɗaci wadda dā ba ya yi, har ya yi tsalle daga kan matakalan zaman ƴan kallo a filin wasa, ya fasa kai. Veronica ta kai shi asibiti. Likita ya gargaɗe shi cewa wanda ya bar maganin farat ɗaya yana iya samun tashin zuciya da gane-gane. Ba a daɗe ba sai ga Lilly ta bayyana gare shi da jini a ka, tana nuna masa cewa labarin da aka bayar na mutuwarta bai haɗu ba. Da gari ya waye ya haɗiye ƙwayarsa, ya koma shirunsa na dā.

An tsara wannan kashi da gwaninta, ɗan wasan da ya fito a matsayin Duncan, wato Teddy Dunn, ya kuwa yi ƙoƙari. Amma kafin a auna abin da aka nuna, sai an san yadda maganin yake aiki.

Ciwon da maganinsa

Ciwon damuwa da likitoci suke nufi ya wuce ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu. Mutum yakan kwana ya tashi cikin nauyin zuciya har mako 2 ko fiye, abin da yake jin daɗinsa dā ya daina yi masa daɗi, barci ya lalace, cin abinci ya sauya, ƙarfi ya ƙare, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin mutuwa.

An gano magungunansa na farko ba da niyya ba. A 1952 likitoci a Amurka suka lura cewa masu tarin fuka da ake ba wani magani mai suna ifironiyazid suna samun walwala fiye da yadda ake tsammani. A 1957 wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton cewa imifiramin yana taimakon masu ciwon damuwa. A ƙarshen 1987 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da fuloksetin, wanda aka sayar da sunan Prozac. Shi da danginsa ne suka zama waɗanda aka fi rubutawa a zamanin da aka shirya wasan.

A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan rata tsakanin wannan da waccan, kamar gaɓa biyu na kogi. Idan ta wannan gaɓa za ta aika da saƙo, sai ta saki waɗansu sinadarai su ƙetare kamar kwale-kwale. Ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin. Da zarar an isar da saƙo, wadda ta aiko takan janye abinta ta mai da shi gida. Aikin fuloksetin da danginsa shi ne su tare wannan janyewa, domin sirotonin ya daɗe a cikin ratar.

Wannan tarewa tana faruwa cikin ƴan sa'o'i, amma sauƙin ciwo ba ya zuwa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani har mako 6. Ruwan farko yakan sauka yau, gero kuwa ba ya fid da kai gobe. Masana suna ganin a cikin waɗannan makonni ƙwaƙwalwa tana sake daidaita kanta, jijiyoyi suna gyara hanyoyin da ke tsakaninsu. Catherine Harmer ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta sun nuna cewa tun a kwanakin farko maganin yakan ɗan sauya yadda mutum yake karanta fuskokin jama'a, ya rage saurin ganin ƙi a inda babu ƙi. Sa'ad da ya ci gaba da cuɗanya da mutane da wannan sabon ido, sai zuciya ta bi baya a hankali.

Shekaru da yawa ana gaya wa marasa lafiya cewa ƙarancin sirotonin ne yake kawo ciwon. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a kai, suka ce babu tabbatacciyar shaida ga wannan magana. Amma wannan bai nuna maganin ba ya aiki ba. Farasitamol yana sauke zazzaɓi, ko da yake ba rashin farasitamol ne yake kawo zazzaɓi ba. A 2018 Andrea Cipriani da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, suka tarar kowannensu ya fi ƙwayar wofi, wato wadda ba magani a cikinta, taimakon manya, ko da yake tazarar ba mai faɗi ba ce ƙwarai.

Akwai abu ɗaya kuma da ya kamata a share. A kunnen Bahaushe, in an ce yaro yana shan ƙwaya, tunani yakan tafi ga kayan maye irin su taramol. Maganin ciwon damuwa ba ya sa maye, mai shansa kuwa ba ya jin ƙishirwar ƙara yawansa domin jin daɗi. Jiki dai yakan saba da shi, shi ya sa barinsa yake bukatar dabara.

Inda wasan ya faɗi gaskiya

Abu na fari, shirun Duncan ba ƙage ba ne. Masu shan waɗannan magunguna da dama suna cewa baƙin ciki ya ragu, amma farin ciki ma ya ragu tare da shi, kamar an rage hasken fitila. A wani bincike da masanan Oxford suka buga a 2017, cikin mutum 669 masu shan maganin, kashi 46 cikin 100 sun ce suna jin haka. Wani ɓangare na wannan dushewa daga ciwon kansa yake, wani kuwa daga maganin. Saurayin da ya rasa ƴar'uwarsa, ya kuma ga ba ya iya yin kuka, yana da dalilin tambaya, wasan kuwa ya kyauta da ya ɗauki tambayar da muhimmanci.

Abu na biyu, gargaɗin likita yana da tushe. Wanda ya yanke maganin farat ɗaya yakan fara jin alamu bayan kwana 2 zuwa 4: jiri, tashin zuciya, rashin barci, mafarkai masu ƙarfi, saurin fushi, da wani abu kamar jan lantarki a ka. Abin ya danganta da irin maganin. Faroksetin yakan ragu da rabi a jini cikin kamar kwana ɗaya, saboda haka alamunsa sukan zo da sauri. Fuloksetin kuwa yakan ɗauki kwanaki, alamunsa sukan zo da sauƙi. Wani babban nazari da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 15 cikin 100 na masu barin maganin suna samun alamun da barinsa ya jawo, wajen kashi 3 kuwa masu tsanani. A 2004 ba a cika maganar wannan a fili ba. Sai a 2019 ne ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Birtaniya ta fito ta amince cewa ga waɗansu mutane alamun sukan yi tsanani, su kuma daɗe. A nan wasan ya riga manyan likitoci da yawa buɗe baki. Har wa yau gaskiya ce cewa in mutum ya koma kan maganin, alamun barinsa sukan kwanta da wuri.

Inda ya kauce

Kuskuren ba a cikin alamun yake ba, a cikin ma'anar da aka ba su yake. An jera abubuwan yadda mai kallo zai fahimci cewa Duncan mai shan magani rufaffen baki ne, Duncan da ya bar magani kuwa shi ne na ainihi, mai raha, mai gaskiya, wanda idonsa ya buɗe. Hannun da yake miƙa ƙwayar hannun uwa ce da mai kallo bai yarda da ita ba. Matacciyar kuma ba ta zuwa da saƙonta sai ranar da aka bar shan magani. Da Duncan ya sake haɗiye ƙwayar, an ɗauki hoton kamar na wanda ya sallama, ya zaɓi barci a kan gaskiya.

Likita da zai dubi waɗannan kwanaki, da wani ido zai gan su. Saurayin da ya yanke magani, ya shiga rawar kai, ya faɗo daga bisa ya fasa kai, sa'an nan ya fara ganin matacciya, yana cikin hatsari ne, yana bukatar a zauna kusa da shi. Gane-gane irin wannan ma ba kasafai yake zuwa wa masu barin maganin ba, jiri da tashin zuciya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma jiri ba ya ciyar da labarin kisan kai gaba, fatalwa kuwa tana ciyar da shi. Mai tsara wasa ya tsallake abin da aka fi gani, ya ɗauki wanda ya fi yi masa amfani.

Haka kuma an mai da maganin kamar makunnin lantarki, a danna mutum ya mutu a tsaye, a saki ya farfaɗo. Abin da ya ɗauki makonni kafin ya zauna a jiki ba ya juya halin mutum tsakanin karin kumallo da azahar. Waɗannan magunguna kuma ba su shafe kwanaki daga tunanin mutum, ba su hana shi sanin abin da ya sani. Wanda ya warke da taimakonsu yakan ce hankalinsa ya dawo, ya iya karatu, ya iya bin magana, gama ciwon ne yake daskarar da tunani.

Abin mamaki, ƙarshen zangon da kansa ya ƙaryata wannan darasi. A kashi na 22, wanda aka nuna a watan Mayu 2005, aka gano cewa Aaron Echolls, shahararren ɗan sinima kuma uban abokin Duncan, shi ya kashe Lilly. Kasakasan bidiyo da Lilly ta ɓoye a ɗakinta su suka tona asiri, ba gane-ganen Duncan ba. Iyayensa kuwa sun iske shi rungume da gawar, jini a jikinsa, suka zaci shi ya yi kisan, aka biya Abel Koontz ya ɗauki laifin. Ashe abin da ya rufe gaskiya tsoron iyaye ne da dukiyarsu da shirunsu. Fiye da shekara suna zaune da ɗansu a gida ɗaya suna zarginsa a zuci, ba wanda ya zauna ya yi magana da shi. Amma mai kallo ya riga ya sha darasin kashi na 3 watanni bakwai kafin nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Asirin marar lafiya

Akwai wani lahani da ya bi wannan. A kashi na 12, Veronica ta dasa na'urar saurare a ofishin mai ba ɗalibai shawara, ta ji Duncan yana cewa ba ya tuna kwanakin da ƴar'uwarsa ta mutu. A kashi na 14 ta shiga ofishin likitansa ta kwashe bayanan takardunsa, ta gano yana da wata farfaɗiya da wasan ya kira "iri na huɗu", mai sa mutum ya yi ta'adi ya manta. Maganin da aka ambata, okskabazefin, na gaske ne, ana ba masu farfaɗiya. Amma a rabe-raben da likitoci suke bi babu farfaɗiya mai wannan suna, kuma da wuya ƙwarai mai farfaɗiya ya auka wa wani da nufi a lokacin da ciwon ya tashi. An ƙago ciwo ne domin a sami wanda za a zarga.

Saboda haka wurare biyu da saurayi mai damuwa zai je neman taimako, ɗakin likita da ɗakin mai ba da shawara, duka an nuna su a matsayin wuraren da asiri yake yoyo, mai satar asirin kuwa ita ce jarumar da ake yi wa tafi. Ga mai neman nishaɗi wannan wayo ne mai daɗin kallo. Ga yaron da yake shawarar ko ya faɗa wa wani abin da ke cinsa, wani saƙo ne dabam.

Watan da aka nuna shi

An nuna kashi na 3 a watan Oktoba 2004. A cikin wannan wata ne hukumar magunguna ta Amurka ta umarci kamfanoni su buga gargaɗi mafi ƙarfi a jikin takardar kowane maganin ciwon damuwa, game da yara da matasa. Ta duba gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi yara fiye da 4,400, ta tarar kashi 4 cikin 100 na masu shan magani sun nuna tunani ko yunƙurin kashe kai, a kan kashi 2 na masu shan ƙwayar wofi. Ba wanda ya mutu ta wannan hanya a cikin gwaje-gwajen. A 2007 aka faɗaɗa gargaɗin har zuwa masu shekara 24.

Wata biyu kafin nan, a Agusta 2004, an buga sakamakon wani gwaji a kan matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17. Bayan mako 12, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa fuloksetin da zaman tattaunawa da ƙwararre sun sami sauƙi. Masu magani kaɗai kashi 61, masu tattaunawa kaɗai kashi 43, masu ƙwayar wofi kashi 35. Wani nazari na 2016 a kan magunguna 14 ya tarar fuloksetin ne kaɗai ya nuna fifiko a fili ga yara da matasa.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da suke koyarwa a sarari yake. Ga matashi, maganin yana da amfani kuma yana da hatsari, ya fi aiki in an haɗa shi da magana, lokacin da ya fi bukatar a sa ido kuwa shi ne sa'ad da aka fara, ko aka sauya yawansa, ko aka bari. Wannan shi ne ainihin abin da gidan Kane suka rasa. Suna da kuɗin sayen kowace ƙwaya a duniya, amma ba su da kunnen sauraron ɗansu. Da wasan ya tsaya a nan, da ya faɗi gaskiya mai nauyi ba tare da ya ɓata sunan maganin ba.

Hukunci

"Veronica Mars" wasa ne mai kyau. Zancen mutanensa yana da kaifi, ya kuma nuna yadda kuɗi yake karkatar da shari'a a ƙaramin gari ba tare da ya yi wa kowa kara ba. Duncan ma an rubuta shi da tausayi, ba a mai da shi abin dariya ba. Amma a kan maganin ciwon damuwa, wasan ya yi amfani da alamu na gaskiya ya gina darasi na ƙarya, wato cewa mutum sai ya bar magani zai ga gaskiya. Ya isa a tuna cewa Kristen Bell da kanta ta bayyana a 2016 cewa ta daɗe tana fama da ciwon damuwa, tana shan magani, ba ta kuwa jin kunyar haka.

Matashin da ya kalli kashi na 3 ya ga kansa a cikin Duncan, ya ji shi ma fitilarsa ta dushe, bai yi laifi ba da ya lura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ya gaya wa likitansa. Akan rage yawan maganin, ko a sauya wani. In lokacin bari ya yi, wanda galibi ba ya zuwa sai mutum ya yi aƙalla wata 6 da samun sauƙi, akan janye shi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Cikin dukan abin da Duncan ya yi a wannan kashi, abu ɗaya ne ya cancanci koyi, shi ne sa'ad da ya buɗe baki a gaban likita ya ce ya daina sha. Kuskurensa shi ne bai faɗa ba sai da kansa ya fashe.